Abin da muke binnewa cikin bango

Wari ne ya tashe ni, wajen ƙarfe biyu na dare, cikin watan Afrilu, irin daren nan na Sakkwato da ko bango ka jingina da shi sai ka ji kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. An kawo wuta bayan isha'i, kowa ya kunna abin da yake da shi: esi a ɗakina, fankoki a ɗakin yara, firiza tana ta gurnani a kicin, uwargida kuma ta ce bari ta rage guga tun wutar ba ta gudu ba. Na farka da warin roba a hanci, irin na tsohuwar taya idan yara sun cinna mata wuta a bola. Na bi shi har falo, na ɗora tafin hannu a bango, saman soket, na janye ba shiri. Ban tsaya neman dalili ba. Na fita da fitilar waya na zare katawut, muka kwashi tabarmi muka ƙarasa daren a tsakar gida.

Da safe na sa aka kira mani wani dattijo mai wayarin da abokin aikina ya daɗe yana yabo. Ya zo a kan tsohon babur, jakar kayan aiki ɗaure a baya. Ya hau silin, ya yi kamar minti goma, ya sauko sharkaf da gumi, da guntun waya a hannu. Robar jikinta ta narke ta cure. Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya kankare bakin wayar, ya miƙo mani. Jan da ke sama ya tafi, fari ya fito.

"Alhaji, diba nan. Wagga waya ba jan ƙarhe ta ba, alminiyam na anka shahe da ja. Kuma ko da ta ƙwarai ta, girman ga na hitila na, ba na esi ba. Wa yay yi maka wanga aiki?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Nawa kab biya shi?" Na faɗi kuɗin. Sai ya yi 'yar dariya, ya mayar da wuƙarsa aljihu.

"To ai bai cuce ka da yawa ba. Abin da kas saya shi anka sa maka."

Na ji haushin maganar nan ranar. Sai da na kwana biyu sannan na yarda gaskiya ya gaya mani. Lokacin da nake ginin, mutum uku suka ba ni lissafi. Na farko ya kawo takarda shafi biyu, har da kayan da ban taɓa jin sunansu ba, na ce a raina wannan da kuɗina yake son zuwa Makka. Na biyu ya ɗan sauko. Na uku ɗan maƙwabcinmu ne, yaro mai ladabi, a gabana ya girma, sahu ɗaya nake sallah da mahaifinsa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, kawo abin da ya sawwaƙa." Na yi masa jinga, kaya da aiki a dunƙule, kuma ɗan abin da ya faɗa ma sai da na sake ragewa. A makon nan na biya kuɗin get ɗin ƙarfe ban ce uffan ba. Tayil kuwa sau uku ina komawa kasuwa ina canja launi, saboda shi baƙi za su gani.

Mu nan haka muke da aikin wuta. Shi ne aikin da mai gida yake biya amma bai taɓa ganinsa ba. Magini in ya karkace bango, ido zai nuna maka. Mai fenti in ya yi ha'inci, damina ɗaya za ta tona shi. Mai wayarin kuwa yana gamawa ake bin bayansa da filasta, a rufe silin, a ɗora kwano, shi ke nan an binne. Ranar da aka danna makunni ƙwai ya kama, sai a ce aiki ya yi kyau, a biya ciko, a yi addu'a. Alhali kamawar ƙwai ba ta shaida komai, ko da wayar rediyo ka ja masa wuta zai kama. Don haka duk ragin da muka yi a ciniki, a wurin da ba a gani ake cire shi. Muna taya aikin wuta kamar muna taya buhun albasa a Ramin Kura, mun manta ita albasa ana zazzage ta a gabanka ka duba.

Da labarin ya bazu, masu ba da shawara suka yi yawa. Mafi yawansu abu ɗaya suke faɗa: ka daina ba yaran gari aiki, ka ɗauko daga Kaduna ko Legas, ko cikin mutanen Kwatano da ke zuwa aikin tayil da silin. Ban yarda da wannan ba, har gobe. Wanda ya ceci gidana ɗan gari ne, a nan ya koyi sana'ar, a nan ya tsufa cikinta. Baƙo yana iya zama gwani, amma in ya gama ya hau mota, sai dai ka bi shi da kiran waya, wata rana ma ka ji lambar a kashe. Wayarin kuwa aure ne, ba a gama shi rana ɗaya. Bayan shekara biyu za ka so ƙara soket, bayan uku za ka sa sola, wata rana wani layi zai mutu cikin azumi ana saura awa ɗaya a sha ruwa. Kana bukatar wanda ya san ta inda ya bi da kowace waya, wanda in ka aika yaro zai same shi, wanda kuma yake tsoron sunansa ya ɓaci a majalisar unguwa.

Ga kuma abin da ɗan gari ya sani a jikinsa, wanda baƙo sai ya karanta: zafi. Ƙarfin da ake rubuta wa waya, wato yawan wutar da za ta iya ɗauka, ana lissafa shi ne a kan zafin wuri na digiri 30. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu a inuwa ma muna haura 40, balle tsakanin kwano da silin, inda wayoyin suke kwance. Irin wayar da muke amfani da ita mai rigar roba, ba a so zafin cikinta ya wuce digiri 70. In wurin da take ya kai 50, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinta ya tafi tun ba a kunna komai ba. To ka haɗa wannan da wayar jabu. Alminiyam ba ya iya ɗaukar abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, ga shi da saurin sassautawa a wurin ɗauri, inda ya sassauta kuwa nan tartsatsi yake farawa. Ka ga an rage sau biyu ke nan. Sai a zo a rage na uku: inda ya kamata a sa mai lamba 2.5 saboda soket, ko mai lamba 4 saboda esi da hita, a ja mai 1.5 da aka yi don fitila da fanka. Abin da aka yi a falona ke nan. Ba wani asiri a ciki, lissafi ne, kuma lokacin da muka fi matsa wa wayar, lokacin ne ta fi rauni.

Sannan gidan Bahaushe ba ya zama yadda aka gina shi. An yi wayarin don ƙwai shida da fanka uku. Shekara ta zagayo, an yi amarya, an ƙara ɗaki. An fasa bangon waje an fitar da shago. Uwargida ta sayi firiza tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. An haƙa burtsatse an zura sumo. Hunturu ya shigo, kowane ɗaki an tsoma hita a bokiti, ita kuwa 'yar hitar nan da muke rainawa tana iya jan abin da ya kai na fankoki 20. Duk waɗannan daga ina ake ja masu wuta? Daga soket mafi kusa. A kira yaro ya yi jone, ya murɗa waya da filaya, ya naɗe da salatif, ya tura cikin silin, inda ɓera yake jiransa. Ba wanda ya koma ya tambayi uwar wayar da ta shigo daga mita ko za ta iya. Kamfanin da ke raba mana wuta, wanda ya haɗa Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, a bakin mita aikinsa yake tsayawa. Daga nan zuwa cikin ɗaka naka ne, ko da yake har yau in abu ya ƙone NEPA muke zagi, sunan da aka daina amfani da shi a hukumance tun 2005.

Abin da ya fi ba ni tsoro a binciken dattijon nan ba wayar da ta narke ba ce. Ya zagaya bayan gida yana neman inda aka kafa atin, wato sandar jan ƙarfen da ake turawa cikin ƙasa don wutar da ta ɓalle ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. Ya samu koriyar waya ta fito daga bango ta shiga ƙasa. Ya ja ta da hannu ɗaya, ta biyo shi. A ƙarshenta guntun rodi ne, bai kai kamu biyu ba, ya yi tsatsa. Shekara huɗu iyalina suna taɓa firiza da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi. Sai a lokacin uwargida ta ce ai dama takan ji tana ɗan ja in an yi wanke-wanke, ta ɗauka haka firiza take.

Ƙasarmu ba ta da sauƙi a wannan fanni. Yashi ce da marmara, kuma wata takwas a shekara a bushe take ƙamas. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da kyau, don haka atin da zai yi aiki a Fatakwal da sanda ɗaya, a nan sai an yi zurfi, wani lokaci sai an kafa biyu ko uku an haɗe su. Tsofaffin masu aikin suna zuba gawayi da gishiri a ramin don ya riƙe danshi, amma ko an yi haka sai an auna da na'ura kafin a ce ya yi, kuma a rani ya kamata a auna, ba a tsakiyar Agusta ba. Akwai kuma wata bureka ta musamman, masu sana'ar suna ce mata ELCB, wadda da zarar wuta ta fara zurarewa, ko da miliamfiya 30 ce, take tsinke layin kafin ƙiftawar ido. Bureka ta kullum waya take karewa, wannan kuwa mutum take karewa. Tana cikin takardar nan mai shafi biyu da na yi wa dariya. Na san gidajen da aka sa ta, da ta dami mutane da faɗuwa sai aka kira wani ya cire ta, maimakon a nemo abin da yake sa ta faɗuwa. Haka ake yi wa fis: in ya cika tsinkewa sai a naɗa masa waya mai kauri, wani har ƙusa yake sawa, a ce an yi maganinsa.

Yanzu kuma gida ɗaya wuta uku yake sha: ta gwamnati, ta janareto, da ta sola. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, rufin gidaje ya cika da faifan sola daga Mabera har Arkilla, kuma duk wanda ya iya riƙe sukundireba ya zama injiniya. Wanda jiya yake gyaran waya a bakin kasuwa, yau shi ne mai haɗa inbata. Ba na hana kowa neman abinci, amma wutar batir ba wasa ba ce. In kana jan wat 1,000 daga batir mai bolt 12, abin da ke bi ta cikin wayar ya haura amfiya 80, ya fi abin da gida mai matsakaicin kaya yake ja daga mita nesa ba kusa ba. Irin wannan waya mai kaurin yatsa take so, da fis a kusa da batirin. Sau nawa ka shiga gida ka ga batura a ƙarƙashin gado ko bayan labule, an haɗa su da wayar da ta samu? Shi ma janareto, in ba a sa masa canjoba ta kirki ba, wato makunnin da ke raba wutarsa da ta gwamnati, aka soka shi a soket kai tsaye, wutarsa tana iya komawa kan layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin an ɗauke wuta. Mutumin da ba ka sani ba, a wata unguwa, kai kuma kana zaune kana kallon labarai.

To me ya sa muke bari? Ni a ganina kunya ce, ita ce babbar matsalar ɗaukar ɗan gari, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Kusancin da ya sa na ce a ba shi aiki, shi ne yake ɗaure mana baki. Ta yaya zan ce wa ɗan maƙwabcina ya nuna mani takardar shaidar koyon aiki? Ta yaya zan ce mu je kasuwa tare, ai kamar na ce masa ɓarawo ne. In na ce a rubuta yarjejeniya, gobe mahaifinsa zai ji, a ce wane ya zama Bature. Haka za a yi ta kara, har ranar da abu ya faru, sannan a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma a garin malamai irin wannan ba sai an tuna wa kowa cewa an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali ba, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In rubutu tsakanin musulmi da musulmi rashin yarda ne, da ba a umurce mu da shi ba. Garin da ya ga Babbar Kasuwarsa tana ci da wuta a Janairun 2021 kuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin gobara.

Su ma masu sana'ar suna da nasu kukan, kuma na saurare shi, don kwana tara dattijon nan ya yi a gidana yana zare tsofaffin wayoyi. Ya ce mai gida zai kira ka, ka yi lissafi na gaskiya, ya ɗauki takardarka ya kai wa wani ya ce ya yi masa a rabi. Wani ya ce shi zai sayo kaya, ya je ya kwaso mafi araha, in ta ƙone kuma sunanka ne a bakin mutane. Wani ka gama aiki ya riƙe cikon kuɗinka shekara guda, kullum sai "ka dawo jibi." Ana kiransu tsakar dare, su zo su gyara, a sallame su da "Allah shi yi albarka."

"Mu ma muna da ɗiya, Alhaji," in ji shi. "In nac ce maka ɗari kac ce hamsin, abu biyu na. Ko in tahi in bar ma wani, ko in rage inda ba ka gani. Ni na iya tahiya, don na tsuhwa, an san ni. Yaro ba ya iyawa."

Inda abin ya fi lalacewa shi ne gidan da mai shi ba ya gari. Alhaji yana Abuja, ya turo wa ƙanensa kuɗi. Ƙanen ya ba ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya ba mai wayarin jinga. Mai wayarin yana da aiki uku a hannu, ya turo yaransa biyu da ba su fi shekara da fara koyo ba. Kowane hannu kuɗin ya bi sai ya rage nauyi, abin da ya isa kasuwa shi ne kuɗin waya. Alhaji kuma hoton get da silin ake tura masa a WhatsApp, yana cewa madalla.

A da, sana'a a ƙasar Hausa tana da uba. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Magina, akwai Sarkin Fawa. In an yi maka aikin banza ka san ƙofar da za ka je, shi ma mai sana'ar ya san akwai wanda zai kira shi. Wayarin ta zo daga baya, ba ta gaji wannan tsari ba, sai na takarda. Shi ma na takardar yana nan. Tun 2015 akwai hukumar tarayya mai suna NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da ba masu yin su shaidar ƙwarewa. Akwai ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki masu lasisi, LECAN. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana yin jarrabawar sana'a mai mataki uku. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ke kasuwa, har da waya. Amma ka tsaya a bakin kowane sabon gini a Tamaje ko Gidan Dare ka tambayi mai shi ko ya taɓa jin ɗaya daga cikinsu. Ni kaina sai bayan da bangona ya yi zafi na ji.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: takarda ba ita ce iyawa ba. Akwai masu hannu da ba su taɓa shiga aji ba, shekara goma suka yi suna riƙe wa maigidansu tsani, kuma sun fi wasu masu difloma sanin aiki. In aka ce sai mai takarda, su za a fara kora, a bar masu iya sayen takarda. Shi ya sa ni ba kora nake kira a yi ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Muna da kwalejojin fasaha a Farfaru da Runjin Sambo, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Me zai hana a buɗe wa waɗannan masu koyon gida ƙofa, a yi masu gajeren horo da Hausa, da yamma, a kan abubuwan da koyon gida ya fi tsallakewa, wato lissafin kaurin waya, da atin, da gwaji? A jarraba su da hannu, ba da turanci ba, a ba wanda ya ci kati mai hoto da lamba. Katin ba zai mayar da mugu nagari ba, amma mai kati yana da abin da za a iya ƙwacewa, kuma ni mai gida na samu tambayar da zan yi ba tare da na ci fuskar kowa ba. In kowa yana tambaya, ta daina zama zagi.

Kafin a kai can, ga yadda muka yi a karo na biyu, kuma dattijon ne ya tsara, ba ni ba. Ya zaunar da ni ya ce in lissafa duk abin da nake kunnawa, da wanda nake mafarkin saye nan da shekara biyar. Ya rubuta kaya daban, ladan aikinsa daban, ya ce a kan ladan in ina so in yi ciniki, a kan kaya kuwa babu. Muka je shago tare. Ya sa aka kawo wayar da ake yi a nan gida Najeriya, ya ce a wannan fanni ta gida ta fi yawancin na waje, sai dai ita ma ana buga jabunta. Kowane naɗi sai da ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya yanki ɗan baki ya kankare a gaban mai shagon, mai shagon kuwa ko a jikinsa, da alama ya saba da shi. Kafin a rufe ko'ina ya sa na ɗauki hoton kowane bango da wayata, don gobe in za a kafa ƙusa a san inda bututu ya bi. Esi ya samu layinsa shi kaɗai, firiza da sumo haka. Ya rubuta sunan kowane ɗaki a jikin burekarsa da Hausa, ya kira uwargida da babbar 'yata ya nuna masu wadda za su kashe in sun ji wari, ya ce kada wanda ya kuskura ya watsa wa wutar lantarki ruwa. Ya nuna masu ɗan maɓallin gwaji na ELCB, ya ce a riƙa danna shi lokaci-lokaci a ga ko tana faɗuwa. Shi da kansa ya ce in riƙe wani abu daga ladansa sai an yi wata ɗaya ana amfani da wutar.

Rana ta ƙarshe na gwada shi da wasa, na ce ko akwai dabarar da za a yi wa mita ta rage gudu. Ya kalle ni ya ce wanda zai saci wuta saboda ni, zai saci waya a wurina, in zaɓi ɗaya. Duk abin da na kashe a gyaran nan ya ninka abin da mai takarda shafi biyu ya nema tun farko, ban da fasa bango da sabon fenti.

Ɗan maƙwabcin nawa kuwa na daɗe ina kauce wa maganar. Sai wata rana bayan la'asar muka fito masallaci tare, na ja shi gefe na nuna masa guntun wayar. Ya juya ta a hannu, bai musa ba. Ya ce, "Baba, kuɗɗin da kab ba ni ba su sayen ta ƙwarai. Na so in gaya maka, sai nij ji kunya." Ban ce ya biya ni ba, shi ma bai ce zai biya ba. Mahaifinsa har yau bai sani ba, muna gaisawa kamar kullum.

Guntun wayar yana cikin durowar motata. Shekaranjiya ƙanena da ke gini a hanyar Kalambaina ya kira ni yana murna, wai an kai linta, kuma ya samu wani yaro mai sauƙin kuɗi, ƙanen abokinsa ne, zai yi masa wayarin ɗin duka a jinga. Na ce kada ya ba da ko sisi sai na zo. Gobe Asabar zan je, da wayar, da 'yar wuƙa.